Modern.IE

Modern.IE shafin yanar gizo ne da kamfanin Microsoft ya buɗe a watan Janairun 2013 domin masu gina shafukan intanet. An fi saninsa da raba kwamfutocin kwaikwayo kyauta, kowace ɗauke da babbar manhajar Windows da sigar burauzar Internet Explorer guda ɗaya, don mai gina shafi ya gwada yadda aikinsa zai bayyana a tsofaffin burauzoji da sababbi.

Dalilin samar da shi

Burauzoji ba sa fassara shafi iri ɗaya. Internet Explorer 6, wadda ta fito a 2001, ba ta nuna hotunan PNG masu shara-shara daidai. Internet Explorer 8 kuwa ba ta iya lanƙwasa kusurwoyin akwati ta hanyar CSS, kuma ba ta gane ƙa'idojin da ke sa shafi ya daidaita da faɗin fuskar na'ura. Duk da haka bankuna da ma'aikatun gwamnati da kamfanoni da yawa sun daɗe suna amfani da waɗannan tsofaffin sigogi. Shafin da ya hargitse a cikinsu kan hana mutane cike fom ko biyan kuɗi.

Gwajin kansa yana da wuya, domin Windows ɗaya sigar Internet Explorer ɗaya kawai take ɗauka, sabuwa tana maye gurbin tsohuwa. Wasu sigogin ma a ɗaure suke da wata Windows: Windows XP ta tsaya a kan siga ta 8. Masu amfani da Linux ba su taɓa samun burauzar a hukumance ba, masu Mac kuma an daina tallafa musu a ƙarshen 2005. Don haka mai son cikakken gwaji sai ya tanadi kwamfutoci da lasisin Windows da yawa.

Yadda yake aiki

Kwamfutar kwaikwayo manhaja ce da ke kwaikwayon cikakkiyar kwamfuta a cikin wata kwamfutar. Tana aron wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar na'urar da take ciki, tana gudanar da tata babbar manhajar a cikin taga guda. Abin da ya lalace a cikinta ba ya shafar ainihin kwamfutar.

A lokacin da shafin yake aiki, mai amfani yakan zaɓi sigar burauzar da yake so, sannan ya zaɓi manhajar da zai buɗe ta da ita, kamar VirtualBox, VMware, Hyper-V ko Parallels. Daga nan sai ya sauke fayil mai nauyi, wanda kan kai gigabait da dama. Daga cikin haɗe-haɗen da aka raba akwai Internet Explorer 6 a kan Windows XP, ta 7 a kan Windows Vista, ta 8 zuwa ta 11 a kan Windows 7, ta 10 a kan Windows 8, da ta 11 a kan Windows 8.1. Bayan fitowar Windows 10 a 2015 an ƙara da burauzar Edge.

Sharuɗɗa

Lasisin na gwaji ne kawai, bai halatta a mai da su kwamfutar aikin yau da kullum ba. Yawancinsu wa'adin kwana 90 gare su. Shi ya sa Microsoft ya shawarci masu amfani su adana hoton yanayin na'urar da zarar sun girka ta, domin su koma kansa idan wa'adin ya cika. Yawancinsu kuma sun zo da sunan shiga da kalmar sirri iri ɗaya da kowa ya sani, saboda haka ba wurin ajiye bayanan sirri ba ne.

Tarihi da ƙarshensa

Tun a 2006, bayan fitowar Internet Explorer 7, Microsoft ya fara raba irin waɗannan fayiloli, amma na manhajarsa ta Virtual PC ne kaɗai. Modern.IE ya faɗaɗa su zuwa Mac da Linux, ya haɗa da manhajar da ke binciken kurakuran shafi, da damar amfani da BrowserStack kyauta na wata 3. Daga baya aka mayar da abubuwan da ke cikinsa ƙarƙashin shafin masu gina manhaja na Edge.

Buƙatarsa ta ragu bayan an daina tallafa wa Windows XP a ranar 8 ga Afrilun 2014. A Janairun 2020 Edge ta koma kan tushen Chromium, wanda Google Chrome ma ke amfani da shi. A ranar 15 ga Yunin 2022 aka daina tallafa wa Internet Explorer 11 a yawancin sigogin Windows 10, kuma daga baya Microsoft ya janye fayilolin. Tsofaffin shafukan da ba sa aiki sai da ita ana buɗe su ne ta yanayin Internet Explorer da ke cikin Edge, wanda kamfanin ya ce zai ci gaba da tallafa wa aƙalla zuwa 2029.