Shin Ko Kun San? Yumɓun da Ke Tsince Dattin Gilashin Mota

Shin ko kun san gilashin mota zai iya shan sabulu har ya riƙa sheƙi, alhali datti yana nan manne a jikinsa? Ga yadda masu gyaran jikin mota suke ganewa. Bayan an wanke gilashin gaba ya bushe, sai a zura hannu cikin leda marar kauri a shafa shi a hankali. In aka ji kaushi-kaushi a ƙarƙashin yatsu, to wannan ne abin da ya gagari sabulu: ɓurɓushin ƙarfe daga birki, ɗigon kwalta, feshin fenti daga gareji, ƙaron bishiyar da aka faka a gindinta, da ragowar ƙwarin da gilashi ya kwasa a tafiyar dare.

Shin ko kun san akwai yumɓu na musamman da aka yi domin wannan dattin? Ba a bakin rafi ake haƙo shi ba. A masana'anta ake haɗa shi, daga wani danƙo na roba da garin gugar da ya yi laushi ƙwarai. A Japan aka ƙirƙiro shi, sunan Tadao Kodate ne a kan takardun mallakar fasahar, kuma a shekarun 1990 ya bazu a kasuwar Amurka da sunan Clay Magic. Domin fentin mota aka fara yin sa, daga baya aka ga yana yi wa gilashi aiki sosai, tun da gilashi ya fi fenti tauri da juriya.

Aikinsa mai sauƙi ne. Ana gutsuro ɗan kaɗan, a murza shi a tafin hannu ya yi faɗi, a jiƙa gilashin sharkaf da ruwan sabulun mota ko ruwan santsin da ake sayarwa tare da shi, sannan a riƙa zarya da shi gaba da baya ba tare da dannawa ba. Duk abin da ya tsiro a saman gilashi, yumɓun yana yanke shi ya haɗiye a cikinsa. Da farko za a ji yana ɗan tirjewa. Da zarar ya fara sulɓewa shiru, wurin ya fita. Sai a ninke shi a fito da sabuwar fuska kafin a matsa gaba.

Shin ko kun san yashi ya fi gilashi tauri? A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, gilashi yana wajen 5.5, ƙwayar yashi kuwa tana kan 7. Ma'ana, yashi na iya zana gilashi, gilashi ba zai zana yashi ba. Nan ne ya kamata mu mutanen wannan yanki mu buɗe kunne da kyau. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana tafe da ƙananan ƙwayoyin yashi. Wanda ya ɗora yumɓu a kan gilashin da bai wanku ba, ya tara wa kansa waɗannan ƙwayoyi a wuri guda yana jan su a kan gilashinsa. Saboda haka wanki ne farko, da ruwa mai yawa, yumɓu daga baya. Kuma wannan dalilin ne ya sa idan yumɓun ya suɓuce ya faɗi ƙasa, ba a ɗauraye shi a ci gaba. Jefarwa ake yi. Shi ya sa masu hikima ba sa aiki da dunƙulen yumɓun gaba ɗaya, gutsure suke ɗauka su adana saura. Haka nan ɗabi'ar nan ta kakkaɓe gilashi da busasshen tsumma da safe, a ganina ta fi komai cin gilashin motocinmu.

Yumɓun nan akwai shi hawa-hawa: mai laushi, matsakaici, da mai ƙarfi. Mai laushin ya ishi yawancin motoci.

Shin ko kun san rana abokiyar gabarsa ce? A kan gilashi mai zafi ruwan santsi yana bushewa nan take, yumɓun ya yi laushi ya riƙa mannewa yana barin tabo. A yi aikin a inuwa, da sassafe ko da yamma.

Sai dai kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Abin da ke zaune a saman gilashi yake cirewa. Zanen da tsohuwar waifa ta yi, ko tsagewar da dutse ya jawo, ko tabon ruwa mai zartsi da ya riga ya ci cikin gilashi, duk ba aikinsa ba ne. Kuma a yi aiki da shi a fuskar gilashi ta waje kawai. Ledar duhun da ake manna wa tagogi daga ciki take, ga siraran layukan ɗumama gilashin baya su ma a ciki suke, duka biyun ba sa son guga. Wanda ya shafa wa gilashinsa maganin korar ruwan sama, ya sani yumɓu na iya kwashe shi, sai ya sake shafawa.

Shin ko kun san wani lokacin kukan waifa da tsalle-tsallenta ba laifin robar ba ne, kaushin gilashin ne? Wannan kaushin yana cin robar da wuri, yana bar muku zane-zanen ruwa a daidai inda ido ke kallo, sannan da dare yana warwatsa hasken fitilun motocin da ke tahowa. Direban da ya taɓa bin babbar hanya cikin ruwan sama da duhu ya san abin da wannan ke nufi.

Don haka, masu motoci da 'yan'uwa masu sana'ar wankin mota, kafin damina ta sauka ku yi gwajin ledar nan a gilashin gabanku. In kun ji kaushi, ku wanke shi tas, ku bi shi da yumɓu a inuwa, ku goge robar waifa ita ma.