Haƙorin nonon da ya ƙi faɗuwa

Yaro yakan fara famfara yana ɗan shekara 6, kuma kafin ya wuce 12 ko 13 haƙoran nono guda 20 sun zube, na girma sun maye gurbinsu. Duk da haka akwai magidanta da matan aure a Birni da Zango na Damagaram, da Mirya da Magarya, waɗanda har yau suke tauna tuwo da haƙorin ƙuruciya, wasu ba su ma sani ba. Wanda ya gano nasa kuwa, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne a cire, ko wurin wanzami ko a asibiti. A ganina gaggawar nan ta fi haƙorin kansa haɗari.

Haƙorin nono ba tsufa ne ke kayar da shi ba. Na girma ne ke tasowa daga cikin ƙashi, yana narkar da saiwarsa sannu a hankali har ya yi girgiɗi ya faɗi. Idan bai faɗi ba, galibi magajin ne ba a halitta ba tun farko, abin da ya fi aukuwa ga turmin nono na biyu a muƙamuƙin ƙasa, kuma yana bin jini. Wani lokaci magajin yana nan, amma ya kwanta a karkace cikin ƙashi, musamman fiƙar sama. Wani lokaci kuma saiwar ce ta manne da ƙashi, sai haƙorin ya tsaya cak maƙwabtansa suna ci gaba da tashi, har a ga kamar ya nutse cikin dasashi. Ido ba ya bambance waɗannan. Sai hoton ƙashi, wanda a Damagaram ake cewa radiyo, kuma kowanne da maganinsa daban. Fiƙar da ta maƙale ana iya buɗe mata hanya a jawo ta da waya. Idan aka ƙyale ta, tana iya cinye saiwar haƙoran gaba. Haƙorin da ya nutse sosai ana cire shi, wanda bai yi nisa ba a ƙara masa tsawo da ciko. Amma wanda ba shi da magaji, bai ruɓe ba, saiwarsa na da ƙwari, barinsa ya fi.

Za a ce ai ko ba daɗe ko ba jima zai faɗi, gara a huta. Amma binciken da Bjerklin da Bennett suka wallafa a 2000, kan mutanen da aka haifa ba su da magajin turmin ƙasa, ya nuna cewa turmin nonon da ya kai mai shi shekara 20 yakan ci gaba da aiki na tsawon lokaci. Kuma muddin yana nan, yana riƙe da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Da zarar an tumɓuke shi ƙashin zai fara janyewa, maƙwabta su karkato cikin giɓin. Cike giɓin kuwa ba wasa ba ne: ko haƙorin roba na sakawa da cirewa, ko wanda ake rataya wa maƙwabta, sau da yawa bayan an sassaƙe lafiyayyu biyu, ko a dasa ƙusar ƙarfe cikin ƙashi, aikin da Brånemark ya fara yi wa mutum a Suwidin a 1965. Dashen ba a yin sa sai muƙamuƙi ya gama girma, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin mafi yawan masu sana'a a kasuwar Dole, balle manomin Tanut ko Gure wanda sai ya biya mota kafin ya ga likitan haƙori.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗin hoton da na zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram, alhali wanzami yana bakin ƙofa. Gaskiya ne, kuma ba na raina wanzamai, sana'ar gado ce mai daraja. Sai dai awartaki ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi, kuma saiwar da ta manne takan karye a ciki, ta bar ƙurji da kumburi da jinyarsu ta ninka kuɗin hoton. Wanda ya zaɓi barin haƙorin shi ma da nasa aikin: fatar haƙorin nono siririya ce, ba ta jure shayi mai sukari da alewa, don haka asuwaki ko buroshi safe da dare, da kai shi a duba idan ya fara girgiɗi, ya sauya launi, ko dasashi ya kumbura.