Ginin Tukwane a Kan Keke: Sai da Zama Mai Kyau da Yumɓu Mai Laushi

Tun kaka da kakanni maginan ƙasar Rimawa, watau Wurno da Rabah da Goronyo, da hannu suke gina randa da tulu da kasko. Fadamar Gulbin Rima ta wadata su da yumɓu, su kuwa sukan gauraya shi da yashi ko ƙaiƙayi ko garin tsingaro, domin tukunya ta jure wuta kada ta tsage. Yanzu da roba da sanholo suka cinye kasuwa, wasu matasa sun mai da hankali ga keken gini, wanda ake koyarwa a manyan makarantu irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Wannan keke ba baƙo ba ne a Arewa. A farkon shekarun 1950 wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yanzu. A can ne Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin takardar Naira 20, ta shiga a 1954, ta koyi aiki da keke bayan ta riga ta gwanance a ginin hannu.

Matakin farko, wanda kuma ya fi ba ɗalibi wuya, shi ne daidaita curin yumɓu a tsakiyar faifan keke. Muddin curin yana rawa, to, gefe ɗaya na tukunyar zai yi kauri, ɗaya ya yi siriri, ta karkace ko ta rushe tun ba a kai ga wuya ba.

Akasarin masu koyo sukan ɗauka ƙarfin damtse ne maganin abin, alhali kuwa zama ne. Magini yakan matso dab da keken, ya sa faifan tsakanin cinyoyinsa, ya kafe gwiwar hannunsa a cinya ko a ƙugu. Sa'an nan ya sunkuyo daga ƙugu, baya a miƙe, har kansa ya zo saitin tsakiyar faifan. Ta haka nauyin jiki ne ke danna yumɓun. Hannun da ke reto a iska kuwa, curin ne zai riƙa juya shi. Tafin hannu ɗaya yana tare gefe, ɗaya yana dannawa daga sama; a matse curin ya tashi tsororuwa, a mai da shi ƙasa, sau biyu ko uku. In an tashi ɗage hannu, sai a hankali, domin fizgewa takan mai da aiki baya.

Amma kome kyan zama, yumɓu marar kyau ba ya daidaituwa. Wanda aka haɗa domin randa ya yi garas-garas, yana kuma goge fatar hannu. Na keke sai an jiƙa, an tace tsakuwa, an bar shi ya kwana biyu, sa'an nan a cuɗa shi sosai har iska ta fita, laushinsa ya zama bai ɗaya. In ya yi tauri, magini zai gaji a banza, wuyan hannu da ƙugu su yi ciwo. In ya yi ruwa-ruwa, zai daidaita da sauri amma bangon tukunyar ba zai tsaya ba. Gwajin mai sauƙi ne: a murza shi kamar igiya, a naɗa a yatsa, in ya tsattsage, da sauran aiki.

Keke ba zai kori randa ba, domin tsattsafar da take yi ita ke sanyaya ruwa a lokacin bazara. Amfaninsa shi ne kofuna da kwanoni da butoci masu girma ɗaya, cikin ƙanƙanen lokaci. Saboda haka duk hukumar da ta yi niyyar raba wa matasan Rimawa kekuna, ya kamata ta haɗa da rariya, da kududdufin jiƙa yumɓu, da kujera daidai tsayin faifai, da malamin da zai gyara wa ɗalibi zama tun ranar farko.