Kiwon Tattabaru: Ribar Tana ga 'Yan Shila

Yau hirar tamu a kan tattabaru ce, kiwon da za ki yi ba tare da kin taka ko ƙofar zaure ba. Ku da ke Mawashi da sauran garuruwan Kusada da Kankiya, gero da dawa ba baƙinku ba ne, kun ga rabin jari ya samu ke nan.

Tattabara ƙwai biyu kacal take yi, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 17 zuwa 18. Kwancin ma karɓa-karɓa suke yi, namiji da rana, mace da dare. To maigida, in kana kusa, ka dai ji! Su biyun ne kuma ke ɗura wa 'ya'yan wani farin abu mai kama da kindirmo daga maƙogwaronsu, kafin su soma ba su tsaba. Shi ya sa ɗan shila ke saurin cika.

Ga inda yawancinmu ke yin asara. Ɗan shila yana kai ƙarshen ƙibarsa ne tsakanin kwana 25 da 30, lokacin da gashi ya rufe ƙarƙashin fiffikensa amma bai fara tashi ba. Da zarar ya tashi sai kitsen ya zube, naman ya yi tauri, mai saye ya karya masa kuɗi. Saboda haka ran da suka ƙyanƙyashe ki ja layi da gawayi a bango, ki ƙirga Juma'a huɗu. Ta huɗun na cika, ko dai a yanka ki yi wa mai jego ko marar lafiya farfesu, ko ki ba yaro ya kai kasuwa.

Iyayen kuwa, don Allah, kada gudummawar biki ta sa ki sayar da su. Sabuwar tattabara sai ta yi wajen wata 6 kafin ta fara ƙwai. Wadda ta saba kuwa, sau da yawa tun 'ya'yanta na cikin tukunya take sake wani, don haka ki tanadar wa kowane miji da mata tukwane biyu, a ɗora su sama inda kyanwa da gafiya ba za su kai ba.

In za ki sayi iri, kar ki saya a maƙwabta, don tattabara ba ta manta gidansu. Gara a sayo miki ƙanana a kasuwar Kankiya ko ta Caranci, ki kulle su 'yan makonni har su saba. Ki watsa musu tsaba safe da yamma, da ɗan wake, ga ruwa mai tsabta kullum. In suna jin yunwa, shanyar maƙwabciyarki za su faɗa wa, daga nan sai rigima.

Kafin ki share ɗakinsu ki yayyafa ruwa, ƙurar kashinsu tana taɓa ƙirji. Kashin kuma a tara, taki ne mai ƙarfi. Idan kika ga suna mutuwa haka kawai, kada ki yi saurin cewa a yanka kafin su yi mushe. Tun shigowar murar tsuntsaye Nijeriya a 2006 aka yi ta jan kunne a kan haka. Ki hana yara taɓa su, maigida ya kira malamin dabbobi.