Shiga ƙungiyar ƴan kasuwa: riba ce ko asarar zubi?

Tun bayan Babban Taron Ƙasa na shekara ta 1991, ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa a Maraɗi kamar ciyawar damana. Teloli na da tasu, ƴan kabu-kabu na da tasu, haka ma masu sayar da hatsi, da mahauta, da ƴan tireda. Kowace na da shugaba da magatakarda da ma'aji, kowace na neman kuɗin kati da zubin wata. Ƙaramin ɗan kasuwa, wanda jarinsa bai wuce abin da ke bisa teburinsa ba, yana da damar ya tsaya ya yi tambaya kafin ya sa hannu aljihu: in na shiga, me zan samu wanda ba zan samu ni kaɗai ba? Tarihin Maraɗi da kewayenta yana da amsa ga wanda ya duba shi da kyau.

Haɗin kan masu sana'a ya riga takarda zuwa ƙasar nan. A fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da fadar Sarkin Gobir a Tsibiri, sana'o'i na da sarakunansu: sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin aska. Su ke sasanta rikici tsakanin ƴan sana'a, su ke kai kukansu gaban sarki. Su kuwa manyan ƴan kasuwa, waɗanda Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986 mai suna Les Alhazai de Maradi, da dangantakar ubangida da bara suka gina dukiyarsu. Ubangida ya ba da kaya bashi, bara ya sayar ya kawo kuɗi, amana ta tsaya a madadin yarjejeniya. Wannan hanya ta fitar da mutane da dama daga talauci, amma wanda ba shi da ubangida ba shi da ƙofar shiga. Irin wannan mutum ƙungiya ke wa alkawarin zama gata.

Darasin ƙungiyoyin gwamnati

Dattawa da yawa, in an ambaci ƙungiya, sai su girgiza kai, kuma suna da dalili. A 1962 gwamnati ta kafa UNCC don tsara manoma cikin ƙungiyoyin gama-kai, ta kuma kafa SONARA don cinikin gujiya. Daga sama tsarin ya zo. Zaman mutum a ƙauye ya isa a lissafa shi cikin ƙungiya, ko ya nema ko bai nema ba, kuma ma'aikatan da aka turo su ke riƙe da littattafan lissafi. Manomi ya ɗauki kuɗin a matsayin na gwamnati, bashi ya yi ta taruwa ba biya. An rushe UNCC a 1984, asusun bashin noma na CNCA ya durƙushe cikin waɗannan shekaru, bankin BDRN ma ya rufe a 1990. Abin da mutane ba su ɗauka nasu ba ne, ba su tsaya tsaronsa ba.

Shekara ɗaya bayan rufe BDRN, a 1991, aka fara wani abu dabam a ƙauyukan jahar Maraɗi da taimakon ƙungiyar CARE: Mata Masu Dubara. Mata wajen talatin su haɗu, su zaɓi junansu da kansu, su riƙa zubi kowane mako. Ba a kawo musu ko dala daga waje ba. Abin da suka tara shi suke ba juna bashi na ɗan lokaci, a mayar da shi da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a buɗe akwati a raba uwa da riba. Ana ƙirga kuɗin ne gaban kowa, kuma mai ajiyar akwati ba ita ke riƙe da mabuɗi ba. Dubarar ta samo tushe daga adashe, amma ta ɗara shi, don mace na iya cin bashi ranar da buƙata ta taso ba sai kwasarta ta zo ba. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama har da na Asiya, miliyoyin mutane na aiki da shi. Abin da ya raba shi da UNCC a fili yake: kuɗin na masu shi ne, idonsu kuma na kansa.

Inda mutum ɗaya ba ya iyawa

A Jiratawa, kudu da Maraɗi, akwai filin noman rani da aka gyara a farkon shekarun 1980, mai faɗin hekta sama da 500, ƙarƙashin kulawar ONAHA. Daga rijiyoyin burtsatse ake jawo ruwansa da injinan lantarki. Manomi ɗaya ba zai iya biyan kuɗin wuta ko gyaran famfo ba, kuma ba zai iya tsara ranar da ruwa zai bi ta fegin kowa ba. A nan babu mai tambayar amfanin ƙungiya, domin in ba ita ba, ba ruwa, in ba ruwa, ba zogalen da ke cika kasuwannin Maraɗi. Sai dai wurin yana koyar da wani darasi: in wasu suka ƙi biyan kuɗin ruwa, famfon da zai tsaya na kowa ne, har da wanda ya biya. Shiga ƙungiya ɗaukar nauyin halin wasu ne, shi ya sa sanin abokan tafiya ya fi sanin sunan ƙungiya muhimmanci.

Haka abin yake ga jinginar amfanin gona, wadda Faransawa ke kira warrantage, da ta fara yaɗuwa a Nijar a ƙarshen shekarun 1990. Da kaka, lokacin da hatsi da wake da aya ke arha, ƴan ƙungiya su tara buhunansu a magaza guda, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunsu, ɗaya a hannun asusun da ya ba su bashi. Da kuɗin su yi kiwo ko ƙaramin ciniki. In farashi ya hau gabanin damana, su biya bashi su fitar da kayansu. Babu asusun da zai buɗe magaza saboda buhu biyu na mutum ɗaya, amma zai buɗe saboda buhu ɗari biyu na mutum ɗari. Akwai shekarun da farashi ba ya hawa yadda aka zata, don haka ribar ba tabbas ba ce kullum.

A cikin birni ma lissafin ɗaya ne. Teloli goma da suka haɗa kuɗi suka sari yadi daga Kano ba za su biya farashin da kowanensu zai biya shi kaɗai ba, kuma kuɗin mota ya rabu goma. In zancen fatanti ya taso, ko rabon rumfuna, ko tashin masu tebur daga bakin hanya, ma'aikatar magajin gari ta fi sauraron wakilin mutum ɗari bisa ga mutum ɗari da suka zo ɗai-ɗai. Ma'aikatan gwamnati sun san wannan sarai, su da suka ga rawar da USTN ta taka a 1990 da 1991. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Abin da ƙungiya ba ta iyawa

Kada kuma a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Babu ƙungiyar da ta hana a karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994. Babu wadda ta buɗe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ko lokacin takunkumin CEDEAO da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda aka ɗage a Fabrairu 2024. A irin waɗannan ranaku takardar koke ba ta ciyar da gida. Abin da ke ciyarwa shi ne asusun da aka tara tun ana ciniki, da abokin da zai ba da kaya bashi har hanya ta buɗe.

Akwai kuma ƙungiyoyin da suna kawai gare su. Wata an kafa ta don jiran poroje, in kuɗin Turawa bai zo ba sai ta watse. Wata ta ɗan siyasa ce, tana farkawa gab da zaɓe. Wata kuma shugabanta ya mayar da ita tsani, shi ke zuwa taro Yamai, shi ke karɓar kuɗin zama, sauran sai labari.

Kafin a biya kuɗin kati

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka zubi dala ɗari ne a wata: jikka shida ke nan a shekara, ban da wunin taro da rumfa ke rufe. Mai niyyar shiga ya tambayi kansa ko rangwamen sari, ko bashin da zai samu, ko gudummawar ranar gobara da rashin lafiya, za su mayar masa da wannan kuɗi. Sannan ya nemi amsar abubuwa huɗu daga bakin tsofaffin mambobi, ba daga bakin shugaba ba. Wa ya kafa ƙungiyar, masu sana'ar ne ko wani daga waje? Yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe? Ana karanta lissafi a bainar jama'a, ana ba da rasit? Wane aiki ɗaya ta yi bara wanda za a iya nunawa da yatsa?

Takarda ma tana da muhimmanci. Dokar OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta tanadi tsarin GIE ga masu son haɗa ƙarfi a harkar ciniki, ta kuma fitar da dokar ƙungiyoyin gama-kai a Disamba 2010. Ƙungiyar da ta yi rajista tana iya buɗe ajiya a banki da sunanta, ta sa hannu a kwangila, ta kai ƙara in an ci amanarta. Amma a sani, a tsarin GIE bashin ƙungiya na iya bin kowane mamba har cikin dukiyarsa ta kansa. A nemi mai karatu ya fassara ƙa'idojin kafin a dangwala hannu.

In amsoshin sun gamsar, jikka shidan nan na cikin jari mafi arha da ƙaramin ɗan kasuwa zai zuba. In kuwa ma'aji ya fara kame-kame da aka tambaye shi littafi, gara mutum ya riƙe kuɗinsa, ya nemo amintattu goma daga layinsu, su fara da akwati da mabuɗi kamar yadda matan ƙauyukan Maraɗi suka fara a 1991.