Alamomin girgizar ƙasa da matsalar hasashenta

1. Gabatarwa

Girgizar ƙasa tana aukuwa ne sa'ad da duwatsun da suka daɗe cikin matsi a bakin wata tsaga ta ƙarƙashin ƙasa suka goce farat ɗaya. Masana sun san da yawa daga cikin tsagogin nan, sun kuma san yankunan haɗari. Abin da ya gagara har yanzu shi ne faɗin rana da wuri da ƙarfin girgizar tun ba ta auku ba. Wannan maƙala za ta duba dalilin haka.

2. Alamomin da ake lura da su

Alamomi huɗu aka fi nazari: ƙananan girgiza masu rigayar babba, hawa ko saukar ruwan rijiyoyi, ƙaruwar iskar radon cikin ruwa, da sauyin halin dabbobi.

A Haiceng, cikin ƙasar Sin, ƙananan girgiza sun yawaita a farkon watan Fabrairun 1975. Hukumomi suka umarci jama'a su fita daga gidaje, kuma ran 4 ga watan girgiza mai ƙarfin 7,3 ta auku. Mutane wajen 2.000 suka rasu, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka ji tsoro. Amma ran 28 ga Yulin 1976 girgizar Tangshan ta zo ba tare da ƙananan girgiza sun rigaye ta ba, ta hallaka mutane fiye da 240.000.

Ke nan matsalar iri biyu ce. Babbar girgiza takan zo ba alama. Alama kuma takan bayyana ba abin da ya biyo ta. Ƙaramar girgiza ba a sanin ko mai share fage ce sai bayan babbar ta auku.

3. Gwajin Parkfil

A Parkfil, jihar Kaliforniya ta Amurka, girgiza mai ƙarfin 6 ta riƙa maimaituwa kusan kowace shekara 22, daga 1857 zuwa 1966. Bisa wannan, a 1985 aka yi hasashen wata kafin 1993, aka kafa na'urori masu yawa don kama alamominta. Ba ta zo ba sai 2004, kuma na'urorin ba su nuna wata alama bayyananniya ba.

4. Abin da ke yiwuwa

Hanya biyu suka tabbata. Ta farko ita ce ƙiyasin haɗari na tsawon shekaru, wanda a kansa ake gina dokokin gini. Ta biyu ita ce gargaɗin gaggawa. Igiyar girgiza ta farko tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, mai ɓarnar kuwa kusan 3,5. Saƙon lantarki ya fi su duka sauri. Da wannan rata birnin Meziko kan samu kusan minti guda idan girgizar ta taso daga gaɓar teku. Japon ta buɗe irin wannan tsari ga jama'a a 2007. Sai dai a lura, wannan ba hasashe ba ne, domin girgizar ta riga ta soma.

5. Kammalawa

Tun da ranar ba ta sanuwa, abin dogaro shi ne ingancin gini, domin rushewar gidaje ce ke kashe mafi yawan mutane.