Kada ku jefar da tsohuwar kwamfuta

A ƙauyuka da yawa akwai kwamfutar da wani ya ba makaranta, ko ɗakin shan magani, ko ƙungiyar mata kyauta. Ta yi aiki na ’yan shekaru, sai ta fara nauyi. In an kunna ta, sai mutum ya je ya ɗebo ruwa ya dawo ba ta gama buɗewa ba. Daga baya a lulluɓe ta da zane a ajiye a lungu. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya tsufa shi ne babbar manhajar da ke ciki, wato wadda take tafiyar da komai tun daga lokacin da aka kunna kwamfutar.

Yawancin irin waɗannan kwamfutoci Windows ne a cikinsu. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma rufe kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ke nan ba a ƙara aiko da gyaran da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet suke bi. Windows 11 kuwa ba ta hawa kan yawancin tsofaffin injuna.

Amma akwai wata babbar manhaja mai suna Linux, wadda ake samu kyauta. Wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, kuma har yau mutane daga ƙasashe dabam dabam suke haɗa hannu suna gyara ta. Doka ta yarda ku kwafe ta, ku ba maƙwabta, ku sa wa kwamfuta goma in kuna so. Ba sata ba ce, ba kamar kwafin Windows da ake sa wa mutane a kasuwa ba tare da lasisi ba.

Linux iri iri ce, kuma ƙarfin kwamfutarku ne zai nuna wadda ta dace. Ku fara duba girman ƙwaƙwalwarta, abin da masu gyara suke kira RAM. In ta kai gigabait 4, ku ɗauki Linux Mint. Ita na fi ba sabon shiga shawara a kai, domin fuskarta ta yi kama da Windows, ba a daɗewa ake sabawa. In gigabait 2 ce, Lubuntu ko Linux Mint mai fuskar Xfce sun fi sauƙin ɗauka. Tsohuwa tukuf, irin wadda ake ce wa mai 32-bit, waɗannan duka ba za su hau kanta ba, sai a nemi antiX.

Kafin ku taɓa komai, ku kwashe takardunku. Sa sabuwar manhaja yakan share duk abin da ke cikin kwamfuta: sunayen yara, lissafin adashe, hotunan biki, rajistar marasa lafiya. In sun tafi, da wuya su dawo. Ku kwafe su a filashi, ku kai wata kwamfutar ku buɗe su, ku gani da idonku cewa sun kwafu. Wanda ya ce muku “na riga na kwafe”, ku ce ya nuna muku.

Bayan haka sai a nemi wani filashin mai gigabait 8 wanda babu komai a ciki. A je inda intanet yake da ƙarfi a sauko da Linux ɗin daga shafinta na ainihi. Linux Mint ta kai kusan gigabait 3, don haka a yi tanadin data. Wata ƙaramar manhaja, Rufus ko balenaEtcher, ita take rubuta ta a kan filashin. Filashi ɗaya ya ishi ƙauye duka.

A sa filashin, a kunna kwamfuta, a riƙa danna F12 in Dell ce ko Lenovo, ko F9 in HP ce, sai a zaɓi filashin. Linux Mint za ta buɗe ba tare da ta canza komai ba, wannan gwaji ne kawai. Kada ku yi gaggawa a nan. Ku gwada sauti, ku gwada intanet, ku haɗa firinta ku buga shafi ɗaya. In komai ya yi, sai a danna alamar Install a bi tambayoyin. Batir ya zama a cike, ko a tabbata janareta yana da mai, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki sai an sake daga farko. Kalmar sirrin da kuka zaɓa, a rubuta ta a ba mutum biyu amintattu.

Linux Mint tana zuwa da LibreOffice, wadda take buɗe takardun Word da Excel, da kuma Firefox na shiga intanet. A wajen zaɓen madannai akwai tsarin Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ. Sai dai manhajojin da aka yi don Windows kaɗai ba lallai su yi aiki ba. In ɗakin shan maganinku ko makarantarku suna aika rahoto da wata manhaja ta musamman, ku tambayi waɗanda suka ba ku ita kafin ku share Windows.